In gudun harsashi ya riƙa bambanta, ma'aunin za a fara tuhuma

Maharban fadamar Haɗejiya, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, sun san halin adaka. Bindigar da ta yi wa mutum aiki tsaf da rani, sai ta riƙa nawa a watan Agusta, ƙararta ta dushe, harsashin ya faɗi kafin ya kai inda aka auna. Wani ya ce maƙeri ne ya cuce shi, wani ya ce mai sayar da albarushi ne, wani ma ya ce sammu aka yi wa bindigar. Da kunne da ido suke yanke hukunci, domin babu na'urar da za ta faɗa musu gudun da harsashin ya fita da shi.

A Amurka da Afirka ta Kudu, inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashinsa a gida cikin tsohon kwanso, akwai wannan na'ura, sunanta kuronogiraf. A Nijeriya kuwa dokar bindigogi ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba, aikin ya zama na ma'aikatu irin DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964. Amma masu na'urar ma ba su huta ba. Mutum zai harba guda biyar da ya auna da hannunsa, allon ya nuna masa mita 810 a daƙiƙa, sai 795, sai kwatsam 340. Tambayarsa ita ce ta maharbinmu: laifin wane ne?

A ganina ma'aunin ya kamata a fara tuhuma, kamar yadda mai sayen shinkafa a kasuwar Gujungu kan duba gindin mudu kafin ya ce buhu bai cika ba.

Tun 1742 Benjamin Robins na Ingila ya fara auna gudun harsashi. Ya rataye katako mai nauyi, ya harbe shi, ya lissafa gudun daga nisan lilon da katakon ya yi. A 1864 wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya fito da wata dabara inda harsashi ke tsinka wayoyin lantarki biyu. Ta yau ba ta yi nisa da tasa ba. Idanu biyu ne masu gane haske, an jera su suna kallon sama, tsakaninsu kamar santimita 30. Inuwar harsashi ta gilma ta kan na farko, agogo ya tashi. Ta gilma ta kan na biyu, ya tsaya. Harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa yana ƙetare wannan tazara cikin kashi 375 na miliyan ɗin daƙiƙa. Idan ido ɗaya ya yi kuskuren milimita 3 kacal wajen gane inda inuwar ta fara, lissafin ya kauce da mita 8 a daƙiƙa.

To, na'urar ba harsashi take gani ba, inuwa take gani, kuma nan ne tushen yawancin rikicin. Da hantsi ko la'asar sakaliya, hasken rana na shiga idon a karkace. Tsakar rana kuma jan ƙarfen jikin harsashi kan yi walƙiya ya shafe inuwar da ake jira. Girgije ya wuce tsakanin harbi da harbi, an sami wani sakamakon. A wuri irin namu ƙari ne a kan ƙari: ƙyallin ruwan fadama, ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin idon, inuwar ganyen giginya da iska ke kaɗawa. Shi ya sa ake ɗora wa idanun farar rumfa ta roba don hasken ya daidaita, kuma lumshi ya fi rana tsaka daɗin awo. Cikin ɗaki kuwa, doguwar fitilar nan mai farin haske tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa a kan lantarkinmu. Mu ba ma lura, amma na'urar tana ɗaukar kowace ƙiftawa a matsayin wucewar wani abu.

Sai hucin bakin bindiga. In an ajiye na'urar kusa, hayaƙi da burbushin albarushi da bugun iska su ne za su fara isa gare ta. Lamba kamar 340 ɗin can abin zargi ce, domin kusan gudun sauti ke nan, ba na harsashin ba. Ana matsar da ita mita 3 zuwa 5, kuma baƙin albarushi mai yawan hayaƙi ya fi buƙatar nisan. Batir mai rauni shi ma yana rikita lissafi. Haka in harsashi ya ratsa a karkace, hanyarsa ta ƙaru, sai allon ya rage masa gudu. Sababbin na'urori masu aiki da rada, irin Garmin Xero da ta fito a 2023, sun raba mutane da matsalar haske, ko da yake harbin wani a gefe kan ruɗe su.

Hanyar raba gardama mai sauƙi ce. A harba abin da aka san halinsa, misali harsashin masana'anta daga kwali ɗaya, guda goma ba uku ba. In lambobin sun taru wuri ɗaya, na'urar ta fita daga zargi.

Daga nan ne ake komawa kan ɗurin, kuma a nan maharbin Haɗejiya ya fi mai na'ura sanin labarin. Baƙin albarushi yana shan laima, fadama kuwa da damina laima ce ko'ina. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, yana sa albarushi ya ci da sauri, don haka harsashin da ya sha rana a cikin mota ba zai yi gudu ɗaya da wanda ya kwana a sanyin Janairu ba. Awo da tafin hannu ba ya zama ɗaya sau biyu, haka matsin tsumman da ake dannawa, haka dattin da ke taruwa a cikin bututu bayan harbi kaɗan. Harsashin masana'anta ya kawar da mafi yawan wannan, kuma yana cikin abin da rundunar Turawa ta Lowry Cole ta fi mutanen Sarki Muhammadu Mai Shahada da shi ranar da ta shiga Haɗejiya a Afrilun 1906.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda wasu ke magance nawar bindiga da ƙarin albarushi. Bututun da aka yi da ƙarfen famfo ko sandar sitiyarin mota ba a gwada iyakar ƙarfinsa ba, kuma in ya fashe hannu da fuskar mai shi yake fara ci. Gudun da ya yi tsalle sama alama ce ta matsi ya wuce kima, sai a dakata. In kuma harbi ya fita da ƙara mai rauni ba kamar yadda aka saba ba, wataƙila harsashin ya maƙale a ciki. A juya bakin bindiga inda babu kowa, a jira, a tabbatar bututun babu komai kafin a sake ɗuri.