Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano

Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano hukuma ce ta gwamnatin jiha wadda doka ta ɗora wa alhakin duba fina-finai da waƙoƙi da littattafai kafin su shiga kasuwa, da kuma ba da lasisi ga masu wannan sana'a. An kafa ta a shekarar 2001. Ikonta ya shafi ƙananan hukumomi 44 na jihar, tun daga masu shirya fim na cikin birni har zuwa gidajen kallo da shagunan tura fina-finai a waya na garuruwa irin su Dawakin Kudu da Kura da Bunkure. Gwamna ne ke naɗa shugabanta, saboda haka tsananinta da sassaucinta sukan sauya duk lokacin da sabuwar gwamnati ta hau.

Kafuwa

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne a Kano da Turmin Danya a 1990, kuma kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta samu sunan Kannywood. A wancan lokaci hukumar tace fina-finai ta tarayya, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke duba su. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shiryawa da nuna fina-finai a watan Disamba na shekarar. Masu sana'ar suka nemi a samar da hukumar da za ta riƙa tacewa maimakon a rufe kasuwar baki ɗaya, aka yi dokar a farkon 2001. Ke nan tun asali hukumar sulhu ce tsakanin masu ganin fim yana ɓata tarbiyya da dubban matasan da ke cin abinci da shi.

Tsarin mulkin 1999 ya sanya tace fina-finai cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da ikon yi wa doka tare. Shi ya sa fim ɗin da ya samu takardar hukumar tarayya yake sake bi ta hannun ta Kano kafin a sayar da shi a jihar.

Zamanin Shekarau

A wa'adin farko na Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya hau mulki a 2003, ba a cika jin amon hukumar ba. Abin ya sauya a watan Agustan 2007, lokacin da wani bidiyon tsiraici na wata fitacciyar jaruma, da aka ɗauka da wayar hannu, ya yaɗu daga waya zuwa waya. Ba fim ba ne, ba kuma wani kamfani ya shirya shi ba, amma masana'antar ce ta sha hukuncin. Gwamnati ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon mataimakin kwamandan Hisbah, ya shugabanci hukumar, aka kuma hana ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, har zuwa Fabrairun 2008.

Da aka ɗage takunkumin sai aka fito da sababbin sharuɗɗa. Dole kowane kamfani ya nuna jarin naira miliyan 2.5, kowane jarumi da darakta da mawaƙi ya yi rajista, a kuma kawo labarin fim a duba kafin a fara ɗauka. An nemi marubuta littattafai su ma su yi rajista, abin da ya haddasa doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta a 2008.

Hukumar ta yi aiki da kotun tafi-da-gidanka, wadda kan yanke hukunci cikin gaggawa. A Satumban 2007 aka ɗaure Adam A. Zango wata uku kan kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa Ibro wata biyu. Shari'ar da ta fi jan hankali ita ce ta Hamisu Lamido Iyan-Tama, wanda aka yanke wa wata 15 a ƙarshen Disambar 2008 bisa zargin rashin rajistar kamfani da sakin fim ɗin Tsintsiya ba tare da tacewar Kano ba. Ya musanta zargin, ya fito a Maris 2009, daga baya kuma babbar kotu ta soke hukuncin. Da yake ya tsaya takarar gwamna a 2007, mutane da dama sun ɗauki shari'ar a matsayin ta siyasa. A 2009 kotun ta haramta sauraren waƙoƙi 11 da ke yawo a wayoyi, galibinsu masu sukar hukumar ne, aka kuma tsare mawaƙi Aminu Ala. Yawancin masu shirya fim suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna da Jos da Abuja.

Daga 2011 zuwa 2023

Dawowar Kwankwaso a 2011 ta kawo sassauci, masu sana'ar suka fara komowa Kano. A 2015 Abdullahi Umar Ganduje ya naɗa Isma'ila Na'abba Afakallah, wanda shi kansa furodusa ne. Naɗa ɗan gida bai kashe rigima ba, sai dai ta koma ta ɓangaranci. Bayan zaɓen 2019 an kama darakta Sunusi Oscar da mawaƙi Naziru M. Ahmad kan sakin waƙoƙin da ba a tace ba, magoya bayan Kwankwasiyya suka ce bi-ta-da-ƙulli ne, hukumar kuma ta ce doka take bi. A Satumban 2021 ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya.

A cikin wannan zango ne gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, inda madatsar ruwan Tiga mai shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure take. An janye shirin a 2016 bayan malamai sun yi masa ca. Ba hukumar ce ta yanke wannan shawara ba, amma lamarin ya nuna nauyin ra'ayin malamai a kan duk wata manufa da ta shafi fim a jihar.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf

Abba Kabir Yusuf ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayu, 2023, ya naɗa jarumi Abba El-Mustapha shugaban hukumar. Ba da jimawa ba aka soke lasisin dukkan masu sana'ar, aka ce kowa ya sabunta rajista. A 2024 aka hana fina-finan da ke nuna daba da daudu. A Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda ana sakin su ba tare da an kawo su tacewa ba.

Matsalar intanet da iyakar iko

An rubuta dokar 2001 ne a zamanin kaset, lokacin da fim ke bi ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, inda kama kaya ke da sauƙi. Yanzu kasuwar faifai ta mutu. Fina-finai na fita mako-mako a YouTube ko a tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, gajerun bidiyo kuma a TikTok. Manomin da ke Kura yana iya kallon sabon zango a wayarsa a daidai lokacin da mai kallo a Yamai ko Jidda yake kallonsa.

Lasisin gidajen rediyo da talabijin yana hannun hukumar NBC ta tarayya, wadda aka kafa a 1992, layukan waya da intanet kuma suna ƙarƙashin NCC. Hukumar Kano ba ta da ikon sauke bidiyo daga YouTube ko rufe tasha. Abin da ke hannunta shi ne mutanen da kansu, wato lasisinsu da wuraren da suke ɗaukar fim da kuma gurfanar da su gaban kotu. Irin wannan tambaya ta iyakar ikon jiha ta sake tasowa a Mayun 2025, lokacin da kwamishinan yaɗa labarai Ibrahim Abdullahi Waiya ya sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a kafafen yaɗa labaran jihar. Gwamnati ta ce matakin na hana zage-zage da ɓatanci ne, masu adawa da shi kuma suka ce tsara abin da ake watsawa aikin NBC ne, ba na gwamnatin jiha ba.