Kogin Haɗeja da Mutanen Bakinsa

Kogin Haɗeja ya taso ne daga ƙasar Kano, inda Kogin Kano da Kogin Challawa suka haɗu. Daga nan ya nufi arewa maso gabas, ya wuce Wudil da Haɗeja. Gabas da Haɗeja ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, saboda haka ruwan ba ya gudu da sauri. Sai ya rarrabu, ya malale fadamu har Nguru. Kusa da Gashuwa ya gamu da Kogin Jama'are, wanda ya gangaro daga duwatsun Jos, suka zama Kogin Yobe mai zuba cikin Tafkin Cadi.

Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani ke zaune a garuruwan wannan wuri. Ku lura, yara, fadama ɗaya ce ke ciyad da su duka, amma kowa da lokacinsa.

Da farkon damina manomi ya kan shuka shinkafa. A watan Agusta da Satumba kogi ya kan cika ya batse, kifi kuwa ya bi ruwa cikin ciyawa ya hayayyafa. In ruwa ya fara janyewa, masunci ya ɗauki koma da gora, ya kama tarwaɗa da karfasa, a yi banda a kai kasuwa. Manomi kuma ya girbe shinkafarsa, ya shuka wake a danshin da ruwa ya bari, ya yi lambun albasa da tattasai. Da rani Bafillace ya koro shanunsa su yi kiwo, su bar wa gona taki. Amma in shanu suka riga girbi isowa, sai husuma ta tashi. Don haka ya wajaba mai gari da arɗo su shirya tun da wuri, a bar wa dabbobi burtali.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Sun amfani birnin Kano da ruwan sha, sun amfani masu noman rani. Amma ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu. Har wa yau, tun da ana sakin ruwa rani da damina, ciyawar nan kachalla ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya ci masa gona, wani kuwa ya rasa na lambu. Shi ya sa mutanen ƙauyuka ke yin gayya su sare ta, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kun gani, abin da na bisa kogi ya yi, shi na ƙasa ke sha. Duk mai taɓa ruwa, ya tuna da maƙwabcinsa.

Tambayoyi
1. Ina Kogin Yobe ke zuba?
2. Me ya sa mai gari da arɗo ke shiryawa tun da wuri?
3. Wace ɓarna kachalla ke yi?