Martanin Masu Karatu Game da Sihiri a Ƙagaggun Labaran Soyayya na Zamanin Da: Darasi Daga Jiki Magayi Domin Makarantun Gombe

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin Hausa a sakandare ya san tambayar da kan biyo bayan karanta labarin da boka ko aljani ya fito a cikinsa. Wani ɗalibi zai ce wannan shirka ce, wani ya ce nan ne ma daɗin labarin yake. Wani lokaci ƙorafin daga gida yake zuwa, uba ya aiko a tambayi dalilin da ya sa ake koya wa ɗansa tsafi. A wannan sashe za mu bayyana ire-iren martanin, da tushensu, da abin da ya kamata manhaja ta yi da su. Mun ɗauki Jiki Magayi a matsayin misali, kuma garin Gombe ne muka sa a gaba.

2.0 Littafin da Takwarorinsa

Jiki Magayi yana cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Sauran su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da East.

Abubakar da Zainab masoya ne, sai attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya bar gari ya sha wahala wajen neman asirin ramuwa, ya dawo ya jefi Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. Yaron ya taso ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ba ne.

Haɗa soyayya ko tarihi da al'amuran ɓoye daɗaɗɗen abu ne a adabinmu. Ganɗoki ya faro da yaƙin Turawa, ya ɓulle duniyar aljanu. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, ya shigo da aljanu cikin soyayyar Boɗaɗo da Yasir. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke wa Jiki Magayi zai shafi babban kaso na rubutaccen zube.

3.0 Me Ya Sa Gombe?

Aji guda a Gombe yakan tara Bafulatani da Batere da Babole da Batangale da Bawaje da Bahaushe, Musulmi da Kirista, Hausa ce ta haɗa su. Kowa yana zuwa da abin da aka gaya masa a gida game da maye da boka. Ga kuma tarihi a kusa: masarautar da Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi, da filin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a yaƙi da Turawa a 1903. Ɗalibin da ya tashi da labarin Burmi a bakin kakanni ba ya ɗaukar zamanin da a matsayin tatsuniya. Wannan ne ya sa gauraya tarihi da tsafi takan fi damunsa.

4.0 Ire-iren Martanin

Rukuni na farko masu ƙyama ne. Hujjarsu ita ce addinan biyu sun haramta sihiri, kuma yaro yana kwaikwayon abin da ya karanta. Wannan ra'ayi yana da tarihi. Tun farkon shekarun 1990 aka yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, shi yana suka, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna karewa. A 2007 kuma gwamnatin Jihar Kano ta lokacin ta ƙona wasu littattafan Hausa da aka karɓe daga ɗalibai mata. Batun tarbiyya ne ya fi yawa a wancan rikici, amma tsoron iri ɗaya ne: cewa littafi yana lalata mai karatu.

Rukuni na biyu masu neman nishaɗi ne. Su dajin da Abubakar ya ratsa da haɗarin da ya shiga su ne suka riƙe su, kamar yadda ƙiri ke riƙe masu sauraren tatsuniya. Irinsu ne suka raya kasuwar littattafan yaƙi da matsafa, kamar na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Rauninsu shi ne sukan tsaya a kan abin mamaki su manta da gawar Malam Shehu.

Rukuni na uku masu neman gaskiya ne, waɗanda ke tambayar ko abin ya faru, kuma ko asirin yana ci. Wannan martani ya fi buƙatar kulawa, domin zargin maita ba a littafi kaɗai yake ba. A unguwanni da ƙauyuka yakan faɗa kan tsohuwa marar gata, ya raba ta da mutuncinta, wani lokaci har da ranta.

5.0 Inda Kuskuren Yake

A ganinmu, rukunan uku sun yi tarayya a abu ɗaya: sun dubi sihirin, ba su dubi aikin da yake yi a labarin ba. Na farko, akwai cakuɗa kalmomi. A tunanin Bahaushe maita daban, sammu daban. Maye ana cewa kurwa yake kamawa, kuma galibi gado ake danganta abin da shi. Sammu kuwa nemowa ake yi wurin boka domin a cuci wani. Abin da ke cikin Jiki Magayi sammu ne, wato zaɓin mutum mai hankalinsa, wanda alhaki ke kansa.

Na biyu, ambaton abu ba yabonsa ba ne. Abubakar an zalunce shi, mai karatu ya tausaya masa, amma ramuwarsa ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma Zainab ba ta dawo hannunsa ba. Idan aka cire sammun, an cire ma'aunin da ke nuna iyakar inda ƙiyayya ke kai mutum. Littafin bai zuga kowa ya tafi gidan boka ba. Ya nuna abin da mai zuwa yake girba.

6.0 Shawarwari Ga Manhaja

Muna ba da shawarar kada a cire irin waɗannan littattafai, kada kuma a tsallake babin da ke da wuya. Kafin karatu, malami ya bambance wa ɗalibai tarihi da ƙagaggen labari, da kuma maita da sammu da bori da aljanu. Bayan karatu, ya sa su amsa tambayoyi uku: wa ya nemi asirin, me ya kai shi, kuma wa ya cutu? Ya bar kowane ɗalibi ya faɗi abin da aka sani a al'adarsu, ba tare da an mayar da aji fagen gardamar addini ba, kuma ya hana a ambaci sunan wani mutum na unguwa a matsayin maye. Uban da ya zo da ƙorafi a karɓe shi da girmamawa, a ba shi littafin ya karanta har ƙarshe.

7.0 Kammalawa

Ɗalibi zai ci gaba da haɗuwa da boka a finafinai da littattafan da ake karantawa a rediyo da waya, ko makaranta ta yarda ko ba ta yarda ba. Abin da aji zai iya ba shi shi ne basirar tambayar abin da labari ke nufi kafin ya yanke masa hukunci. In ya koyi wannan a kan Kyauta, muna fata zai yi jinkiri ranar da aka nuna masa wata tsohuwa aka ce mayya ce.