Gam Ɗin Farcen Roba: Ƙuna Ba Tare da Wuta Ba

Idan aka ambaci ƙuna, abin da kan zo wa mutane a rai shi ne wuta ko tafasasshen ruwa. Amma akwai ƙunar da kan fito daga 'yar kwalba mai sanyi, wato ta gam ɗin da mata ke liƙa farcen roba da shi.

Sinadarin da ke cikin wannan gam sunansa sayanowakirilet, kuma danginsa ne ke cikin sufagulu. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Harry Coover, ya gano shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. A cikin kwalba ruwa-ruwa ne, amma da zarar ya taɓa danshi sai ƙwayoyinsa su sarƙe da juna, ya daskare. Wannan sarƙewa kuwa tana fitar da zafi.

A kan farce, zafin kaɗan ne, yakan kuma watse nan da nan. Haɗarin yana ga tufafin auduga ko ulu, irin su atamfa da wandon jins. Auduga takan tsotse gam, dubban sililinta su sa ya daskare gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Zafin kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ga shi tufar ta manne da jiki, ta tsare shi a wuri guda.

Fatar ɗan Adam ba ta jure wannan. A digiri 44 sai an yi sa'o'i kafin ta lalace, amma a digiri 60 daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Yara sun fi shiga haɗari domin fatarsu ba ta da kauri. Ƙunar da ta yi zurfi takan kashe jijiyoyin jin zafi, saboda haka rashin raɗaɗi ba alamar sauƙi ba ce. Wasu sai an yi musu dashen fata.

Idan hakan ta faru, a kwarara wa wurin ruwan sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada a fizge tufar da ta manne, sai dai a yanke kewayenta. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko ruwan goge jan farce. A garzaya asibiti.

Mai kwalliya ta zauna gaban tebur, kada ta ɗora kwalbar a cinya, kada kuma ta goge gam da auduga. In ta gama, ta rufe ta, ta adana inda hannun yaro ba ya kaiwa.