Mai POS ne bankin karkara, a yi masa adalci

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya yada zango a Tambuwal ko Dogon Daji ya san wannan hoton: ƙaramin tebur ƙarƙashin laima, na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, da matashi yana ɗaga ta sama yana neman sabis. A wurinsa manomin Kuchi ko Margai da ke ƙasar Kebbe yake karɓar kuɗin da ɗansa mai ci-rani ya turo daga Legas. Tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar wakilcin banki, amma kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay ne suka fi gane ribar da ke ciki. Reshen banki yana buƙatar gini da janareta da masu gadi da albashin ma'aikata. Wakili kuwa shi ke kawo jarinsa da teburinsa, kamfani ya ba shi na'ura ya riƙa yankar kasonsa a kowane ciniki.

A Facebook da sauran kafafe an daɗe ana jifan masu POS da cewa naira suke sayarwa da naira. Zargin yana da tushe. Bayan gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin kuɗi a Oktoban 2022, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023, wasu wakilai kuma suka tsawwala caji ba tausayi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Wanda ya cuci talaka a lokacin ya yi laifi, babu mai wanke shi. Sai dai masu zagin ba su cika tambayar daga ina wakilin yake samo kuɗin ba. Da yawansu saye suka riƙa yi a gidajen mai da wurin manyan 'yan kasuwa. Ko a yau wanda ke ƙauyen Kebbe sai ya biya kuɗin mota zuwa inda banki yake, ya dawo da damin kuɗi a jiki ta hanyar da kowa ya san halin tsaronta, ya sayi data, ya biya cajin batir. Hukuncin ko cajin riba ne ko ladan aiki na malamai ne, amma wahalar da ake biya a kai a fili take.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan tsari ya sauke dukan haɗari a kan mafi rauni. Idan aka cire kuɗi daga asusun dattijo na'ura kuma ta ce ciniki bai yiwu ba, kwalar yaron da ke gabansa zai riƙe, don kamfanin yana Legas, bankin kuma ba ya da fuska a garin. Dokoki ma a kansa suke sauka. A 2024 aka wajabta wa wakilai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, a Disambar shekarar aka fara cire harajin naira 50 a kan turin da ya kai naira 10,000 ta waɗannan manhajoji, sannan Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ba zai cire fiye da naira 100,000 a rana a wurin wakili ba. Masu kare waɗannan matakai suna cewa ana bi ta POS a wuce da kuɗin fansa da na damfara. Gaskiya ne, shi ya sa rajista ta dace, a san kowane wakili da inda yake zaune. Amma naira 100,000 ba ta sayen sa a kara, kuma makiyayin da ya kawo shi ba ya yarda da alat, kuɗi yake so a hannu. Idan an ce ya koma turi ta waya, a tuna Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato. Inda sabis ya ɗauke, na'urar da kuɗin cikinta duk tsayawa suke yi.

Kamfanonin da ke cin ribar kudancin Sakkwato su ɗauki nasu kason na nauyin. Babban Banki ya tilasta musu buɗe ofishin karɓar ƙorafi a Tambuwal, da ma'aikaci mai jin Hausa da wa'adin mayar da kuɗin da ya maƙale. Su kuma wakilai su rubuta cajinsu ɓaro-ɓaro a jikin tebur, kowa ya gani kafin ya miƙa katinsa.