AUN Yola: Ƙaramar jami'ar da ta ɗauki nauyin da ya fi girmanta

A gefen titin Lamiɗo Zubairu da ke Yola, fadar Jihar Adamawa, nan Jami'ar Amurka ta Nijeriya take, wadda aka fi sani da AUN. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa, Atiku Abubakar, shi ya assasa ta. Ta karɓi ɗalibanta na farko a 2005, shekara shida bayan gwamnatin tarayya ta soma bai wa jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, ta kuma yaye rukunin farko a 2009.

Da tallafin wata jami'a da ke birnin Washington aka tsara manhajarta, shi ya sa salon karatun ya bi na Amurka. Ɗalibi ko kwamfuta ya zo karantawa ko kasuwanci, sai ya ɗauki darussan rubutu da lissafi da nazarin zamantakewa. Azuzuwan ba su da cunkoso, malami na iya sanin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. Yi wa al'umma hidima kuwa wajibi ne, don haka ake ganin ɗaliban suna koyar da yara karatu a unguwannin Yola da Jimeta.

An ga amfanin wannan tarbiyya a ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta ƙwace Mubi, jama'a suka kwararo Yola ba tsinke. Jami'ar, a ƙarƙashin shugabarta ta wancan lokaci, Margee Ensign, ta haɗa kai da malaman Musulunci da na Kirista, aka yi watanni ana raba wa dubun dubatar 'yan gudun hijira abinci. A shekarar ce kuma ta ɗauki wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta, sannan a 2017 gwamnatin tarayya ta tura mata wasu fiye da 100 da aka sako.

Sai dai kuɗin makarantar ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Miliyoyin naira ake biya a shekara, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun 2024. Asusun TETFund ba ya tallafa wa jami'o'i masu zaman kansu, rancen karatu na NELFUND kuma da ɗaliban makarantun gwamnati ya fara, saboda haka nauyin yana wuyan iyaye da mai makaranta.

Duk da haka iyaye na matsawa su biya, musamman waɗanda suka tuna yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, wanda bai taɓa AUN ba. Abin da suke saye shi ne tabbacin cewa karatun shekara huɗu zai ƙare a shekara huɗu. Wannan tabbaci ne ɗan ƙaramin ma'aikaci ke jiran samu a jami'o'in gwamnati.