Gargaɗi: Cajar da Ba Ta da Shinge Tana Kisa

Masu sayar da caja, masu gyaran waya, masu haɗa sola da inbata, da duk mai kwana da waya a jone kusa da matashinsa, ku saurara.

Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce. Wadda caja ta yau da kullum take ba waya bolt 5 ce. Abin da ya raba su ɗan shinge ne kawai: rufin da ke tsakanin naɗin waya biyu na ƙaramar taransfoma, da tazarar 'yan milimita da ake bari a kan fanel tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannu ke taɓawa. Ranar da shingen ya fashe, wutar soket za ta biyo igiya ta hau jikin waya. A 2013 wuta ta ja wata budurwa a China tana amsa kira waya na caji, ta mutu, har Apple ya shiga karɓar cajojin jabu yana ba da nasa a rahusa. A 2014 an yi irin wannan rashi a Ostareliya.

Ga inda masu sana'a suke ruɗuwa. Idan takardar na'ura ta ce shingenta yana jure bolt 1000 ko 3000, adadin gwaji ne. An ɗora masa wannan ƙarfin na minti ɗaya, a layin masana'anta ma daƙiƙa ɗaya ko biyu, aka ga bai fashe ba. Ɗan dakon da ya ɗaga buhu biyu ya ajiye ai ba zai wuni da su a ka ba. Ƙarfin da shingen zai ɗauka dare da rana wani adadi ne daban, kuma ya yi ƙasa sosai. Shi za ku nema. Ku kuma duba matakin rufin: wani don na'ura ta yi aiki kawai aka yi shi, ba don kare rai ba. Abin da hannu zai taɓa sai rufi biyu ko mai ƙarfin biyu, kamar yadda ƙa'idar IEC 62368-1 ta tanada.

Ƙurar hunturu da danshin damina suna kwanciya a kan fanel, su buɗe wa wuta hanya a tazarar da ta riga ta yi kaɗan.

Masu gyara, don Allah kada mitar hannu ta yaudare ku. Da ɗan batirinta take aunawa, shingen da ya lalace zai iya wuce ta lafiya lau. Gwajin gaskiya sai da injin da ke ɗora babban ƙarfi, shi ma yana kisa idan ba a iya ba, kuma yawan maimaita shi yana cin rufin. Kada ku maye gurbin kafasitar da ke haɗa ɓangarorin biyu da wadda kuka tsinta a akwati. Masu sola kuwa, inbatar da ba ta da taransfoma ba ta raba wayoyin fanel ɗin sola da wutar gida.

Idan waya ta ɗan ja ku tana caji, ko allonta ya riƙa tsalle da kansa, ko caja ta yi ƙauri, ku kashe soket, ku zare cajar, ku fasa ta kafin ku jefar, kada yaro ya tsinta. Wanda ya ga ana sayar da irinta katan-katan ya kai rahoto hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON.